Ranar da Marsandin Alhaji Ta Koma Zabuwa

Shekara goma sha tara ina jan Alhaji Mainasara. Ka lissafa da kyau, sha tara. Tun ranar da cinikin shanu ya karɓe shi a kasuwar Mai'adua ya sayi Fijo ta farko, ni Kalilu ne a kan sitiyari. Ni nake kai shi filin jirgi, ni nake ɗauko shi, na san kowane rami daga Daura zuwa Kano, kuma ko kaza ban taɓa takewa ba. To amma ɗan Adam, alheri dubu ba ya zama masa a rai kamar kuskure ɗaya.

Bazarar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a a jiharmu aka kawo masa Marsandi daga Kwatano, ta ratso Nijar ta shigo ta Kwangwalam. Baƙa wuluk, in ka tsaya gabanta har furfurar gemunka za ka ƙirga a jikin ƙofa. Wallahi da na gan ta sai da na ji ƙwalla. Na ce a raina, Kalilu, Allah ya dube ka, bayan wahalar Fijo yau ga hutu ya zo.

Ashe motar irin mai canza giya da kanta ce, ba ta da kuloci. Ba wanda ya gaya mini, ni kuma girman kai ya hana ni tambaya. Muka fito gwaji, Alhaji na baya ya hakimce, yana ɗaga wa mutanen unguwa hannu. Daidai majalisar dattawa da ke bakin masallaci na zo rage gudu, ƙafar hagu ta tafi neman abin da ta saba takawa shekara talatin, ta sami birki, ta danne shi har ƙasa. Alhaji ya taho gaba ɗaya ya sari bayan kujerata da goshi, hula ta yi gefe, goron bakinsa ya faɗo kan babbar riga. Dattawan nan suka miƙe suna salati, wasu na danne dariya. Na juya motar muka koma gida.

Kwana uku sai ga Munzali. Mutumin Baure ne, magidanci mai 'ya'ya uku, ya yi shekara takwas yana jan wani manajan banki a Kaduna. Alhaji ya tara mu a zaure ya ce, “Kalilu, kai ka ci gaba da Fijo, kai yara makaranta da cefane. Munzali ya riƙe wannan tukuna. Ranar Asabar za mu ɗaurin aure Zango, kafin nan zan ga wanda zan bar wa makullin.”

Na ce, “Yadda ka ce, ranka ya daɗe.”

Da a ce Munzali mara kunya ne da abin ya zo mini da sauƙi, sai in tsane shi hankali kwance. To shi ba haka yake ba. Kullum da safe sai ya rusuna ya ce, “Baba Kalilu, ina kwana?” Baba! Shekara nawa na ba shi da zai mai da ni uba? Ga shi da tsabta, ga murmushi, ga wani yanayi da yake kaɗa makullin a yatsa in yana tafiya, wanda ni na tabbata don ni yake yi. Ina zaune cikin Fijo, kujera ta lotse, yara na ta ihu a baya suna ɗiga mini alewa, sai in hango shi ya wuce gilas a rufe, sanyi na dukansa, Alhaji na yi masa hira yana dariya. Hirar da shekara sha tara ni ake yi wa. Ba zan ɓoye ba, hassada na yi, cikakkiya. Lokacin ana ta maganar bulala a gari, wane ya sha kaza, wane ya sha kaza. Na ce da alƙali na yi wa mai hassada haddi, da ni tamanin ba za ta ishe ni ba.

Ban zauna haka ba. Na je tasha na sami wani abokina mai irin wannan mota, ya ɗora ni a hanyar Sandamu har yamma biyu. Ya ce in naɗe ƙafar hagu ƙarƙashin kujera in manta Allah ya halicce ta. Na iya tsaf. Sai dai iyawa ba ta da amfani in mai mota bai waiwaye ka ba, kuma Alhaji ko kallon inda nake ba ya yi. Sai Munzali ya yi tuntuɓe tukuna.

Ranar Laraba Allah ya kawo, ko in ce Shaiɗan ya kawo. Sun dawo daga ƙauye motar ta yi buɗu-buɗu, Alhaji ya shige gida ya kwanta. Rana ta take tsaka, irin zafin nan da ƙarfe ke ƙona hannu. Famfon gidan kuwa ya yi mako bai kawo ɗigo ba. Munzali ya zo inda nake zaune gindin darbejiya, riƙe da bokiti.

“Baba Kalilu, ina kake samun ruwan wanke mota? Ni can Kaduna wurin masu wanki nake kai ta, ban saba yi da kaina ba.”

To ga gaskiyar magana. A bayan gidan Alhaji, kusa da garke, akwai rijiya mai ruwan zartsi. Shanu na son sa, suna ƙiba da shi, amma ko sabulu ba ya kumfa a ciki, in ya bushe a kwano sai ya bar fari-fari kamar gishiri. Duk mai aiki a gidan ya san ba a kusantar mota da shi. Ni kaina tun fil azal 'yan garuwa ke kawo mini ruwan daɗi, in wanke da sassafe a inuwa, in tsane da tsumma kafin rana ta gan ta. Duk wannan yana kan harshena.

Na tura baki wajen garke na ce, “Ga rijiya can. Ruwa ai ruwa ne.”

Ya yi godiya har da rusunawa. Ya ja guga ya yi ta kwarara, motar na tsaye tsakiyar fili, ruwan na sauka a bonet yana tururi. Yana zuba bokitin ƙarshe ladan ya ɗaga murya kiran azahar. A wancan lokacin kuwa, da an kira salla kowa ke rufe shago, ba mai son a gan shi yana wata hidima mutane na sahu. Munzali ya ɗauko tsumma yana duban motar, yana duban masallaci.

Na miƙe na kaɗe riga na ce, “Haba Munzali, ana kiran salla kana shafa ƙarfe? Bar ta ta sha iska, mu je mu gai da Ubangiji.”

Allah ya yafe mini wannan. Na yi sallar, amma ban san me na karanta ba. Bayan an sallame kuma na ja shi gaisawa da liman, na tsaya tambayar lafiyar iyalin kowa ɗaya bayan ɗaya.

Da muka dawo, sai Munzali ya tsaya cak a bakin ƙofa ya ce, “Inna lillahi!” Motar nan baƙa ta koma zabuwa. Tun daga bonet har but, rufi, ƙofofi, gilas, ɗigo-ɗigo fari ba masaka tsinke, kowane ɗigo da zobensa. Ya sa tsumma ya goga, ko gezau. Ya tofa yawu ya murza da yatsa, tabon na nan yana kallonsa. Ya kawo omo ya sake wankewa da ruwan rijiyar nan dai, aka sami sababbi a kan tsofaffi. Ni ina gindin darbejiya ina jan carbi, raina fes.

Sai na ga ya aika cikin gida an miƙo masa soson ƙarfe da toka, irin na wanke tukunya. Ya durƙusa gaban bonet zai fara dirza. Da na bar shi minti ɗaya, shi da Daura sai dai ziyara, don fentin zai kwashe har ƙarfe. Na san haka, kuma abin da nake so ke nan. Amma ban san lokacin da na taso ba, sai ji na yi na damƙe masa wuyan hannu.

“Kai mahaukacin ina ne? Tukunyar tuwo ce?”

Kada ka ce tausayinsa na ji. Motar na ji wa. A raina tawa ce, kuma ba zan karɓe ta da ƙuje a fuska ba.

Bayan la'asar Alhaji ya fito. Ya zagaya motar sau biyu hannu a baya, gemunsa na rawa. Can ya ce, “Munzali, wa ya ce ka wanke mini mota da ruwan shanu?”

Munzali ya sunkuyar da kai, ko kallona bai yi ba. Ya ce, “Ba kowa, ranka ya daɗe. Rashin sanina ne.”

Ka ce kunya ta kama ni? Haushi ne ya ƙaru. Wato har a nan ma sai ya fi ni.

Alhaji ya fara faɗa, yana cewa gata-gata za shi taron da manyan 'yan kasuwa za su hallara, da wane ido zai fito daga wannan abu. Wani maƙwabci da ya leƙo ya ce sai dai a kai ta Kano a sake fenti, kuma fentin Kano ba zai taɓa zama na Turai ba. Na bari maganar ta nuna sosai, sannan na yi gyaran murya.

“Ranka ya daɗe, a ba ni gobe.”

Ya dube ni, karo na farko tun ranar goro. Ya ce, “Za ka iya?”

Na ce, “Da yardar Allah.”

Da na koma gida ina ta raha, har na saya wa yara rake. Matata Haulatu ta ajiye mini tuwo ta zauna tana dubana. Shekara ashirin da shida muna tare, ba ta buƙatar a gaya mata abu. Da na ba ta labari, na tsallake wurin rijiya da wurin salla, sai ta ce, “Malam, shi baƙon bai tambayi kowa ba kafin ya ɗebi ruwan?”

Na ce, “Miyar nan gishiri ya yi kaɗan.”

Ta ce, “To. In dai za ka haƙa ramin mugunta, haƙa shi gajere.” Ta tashi ta bar ni da kwano.

Maganin tabon ruwa wani tsohon mai fenti ne ya koya mini a Kano tun ina saurayi, kuma ba wani abin wahala ba ne. Gishirin da ke cikin ruwan ne ya bushe ya kama fenti, tsami kuwa ke narkar da shi. Na je shagon mai maganin Musulunci, irin waɗanda suka cika gari a shekarun nan, na sayi kwalba biyu ta ruwan kal, ruwan tsamin nan da ake sha don ciwon ciki. Ina da jarka uku ta ruwan sama da na tara tun damina saboda batir. A gida na haɗa su rabi da rabi, na juye a tsohuwar buta, na jefa kwalaben a masai don kada wani ya ga takardar jikinsu. Na kuma ɗauki tsofaffin shimi biyu na auduga da wanki ya yi wa laushi.

Alhamis ana fitowa sallar asuba na sa aka tura motar ƙarƙashin rumfa. Na ɗora tafin hannu a bonet na ji ta yi sanyi, don in ƙarfe da zafi tsamin ma tabo zai bari. Na fara ɗauraye ta da ruwan daɗi, saboda ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga ƙarƙashin tsumma ta isa ta ja layi. Sannan na jiƙa shimi da ruwan buta, na shimfiɗa a wuri kamar faɗin faifai, na yi salati goma, na ɗaga, na shafa a hankali ba dannawa. Na ɗauraye da ruwan sama, na tsane da busasshen. Wurin ya fito baƙi sil, fuskata a ciki.

Munzali, wanda ya zo tun da duhu yana ɗauko mini ruwa, ya ce, “Allahu akbar! Baba, mene ne a butar nan?”

Na ce, “Ruwa ne.”

“Amma ina jin tsami.”

“Hancinka ne.”

Ya yi dariya, ya ɗauka wasa nake. Duk lokacin da ya matso sai in aike shi, kawo bokiti, juya tsumma, duba ko an buɗe ƙofa. In zan shiga bayan gida da butata nake tafiya. Haka na bi motar nan faifai-faifai, ƙofa huɗu, but, gilas. Na bonet da rufi su suka ba ni wuya, don nan rana ta fi duka, zoben ya ci cikin fenti, tsami ya cire farin amma inuwarsa na nan in ka karkata kai. Waɗannan sai da na bi su da man goge mota na gwangwani, ina murzawa da yatsa biyu a zagaye, kaɗan-kaɗan, har kafaɗata ta daina jin komai. Ban ci abinci ba sai ruwa. Salla kawai ke tashe ni. Da na gama na shafe ta duka da man, na goge, wajen ƙarfe biyar, ta fi ranar da aka kawo ta kyau.

Alhaji ya fito ya tsaya. Ya matsa ya duba haƙoransa a jikin ƙofa, ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce, “Kai, Kalilu! Tsohon hannu! Ashe kana nan.”

Wani sanyi ya ratsa ni tun daga ka har ƙafa. Sai ya ƙara da cewa, “To ka nuna wa Munzali yadda ake yi, don gaba.”

Nan bakina ya ja ni. Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan ba abin da ake koya a kwana biyu ba ne. Ni shekara talatin na yi ina sanin halin fenti. Baƙar mota kamar jariri take, ba kowane hannu ke taɓa ta ba. Lokacin wanka daban, ruwan daban, tsumman daban. In wanda bai sani ba ya sake sa mata ruwa, wallahi abin da zai faru sai ya fi wannan, kuma ba lalle in iya gyarawa ba.”

Alhaji ya gyaɗa kai a hankali ya ce, “Haka ne. Gaskiyarka.” Munzali na gefe riƙe da bokiti, ya yi tsuru-tsuru. Na tafi gida ina jin kamar ƙasa ba ta ɗauke ni.

Ranar Asabar na sa shaddata ruwan toka ta salla, Haulatu ta karya mini hula, na fesa turare. Tun bakwai ina ƙofar gida. Na goge 'yar ƙurar da ta sauka a motar, ina tuna wa ƙafar hagu ta zauna lafiya. Munzali ya iso da 'yar jakarsa a hannu, da alama shi ma ya gama yanke wa kansa hukunci, daga nan tasha zai nufa. Ya miƙa wa Alhaji makulli da hannu biyu.

Alhaji ya karɓa, ya juyo gare ni, fuska a sake. Ya ce, “Kalilu, kwana biyu ina tunanin maganarka, kuma na ga ba ka faɗi ƙarya ba. Direba ko'ina ana samu. Amma wanda ya san sirrin fenti irinka, duk ƙasar Daura ban ga na biyu ba. Saboda haka daga yau na haramta wa kowa sa wa motar nan ruwa in ba kai ba. Kullum da asuba tana hannunka, in mun dawo tana hannunka. Fijo ma zan sa a nemo mai kai yara, kada ta raba maka hankali. Ka huta da hanya haka nan, girma ya zo.”

Na buɗe baki. Na so in ce ruwan kal ne da ruwan sama, rabi da rabi, yaro ɗan shekara goma zai iya. Na so in ce na koyi motar a hanyar Sandamu, a gwada ni yanzu-yanzu. Amma mutane sun taru za su rakiya, duk sun ji abin da na rantse a kai shekaranjiya, suna ta cewa, “Madalla, Alhaji ya san darajar tsohon bara.”

Ya juya ya ce, “Munzali, ajiye jakar nan. Kai naka tuƙi, kada ka ƙara taɓa bokiti.” Ya jefa masa makullin.

Ni na buɗe wa Alhaji ƙofar baya, da shaddata da turarena. Ni na ja ƙyauren gidan suka fita. Munzali ya danna maɓalli gilas ya sauka, idonsa ya yi rau-rau, ya ce, “Baba Kalilu, na gode. Ka rufa mini asiri, Allah ya rufa naka.” Da zuciya ɗaya ya faɗa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Alhaji ya leƙo daga baya ya ce hanyar Zango akwai ƙura, in tanadi ruwa kafin la'asar.

Shekara huɗu ke nan. Ba a taɓa ganin ɗigo ɗaya a jikin motar ba, har daga Katsina ana tambayar wa ke kula da ita. Kullum bayan asuba in na gama waje, sai in buɗe ƙofar direba in zauna in goge sitiyari. Nakan ɗan jima a zaune, hannu biyu a kai. In na ji takun Munzali a zaure sai in fito, in mayar masa da kujerar daidai tsawon ƙafarsa.